Man Shanu a Bakan Goge

Shafi na 19

Salamu alaikum 'yan gidan nan. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn da ta yi ta tambaya ko mutuwa na yi. Ban mutu ba, wuta ce babu a unguwarmu, wayar ma sai da na aika da ita kasuwa aka yi mata caji. Masu cewa shafin baya ya yi gajarta, ga wannan, in bai ishe ku ba ku zo ku karɓi wayar ku rubuta da kanku. Sababbin shigowa kuma da ke tambayar wace ce wace, ku karanta a hankali, na saka muku komai a ciki, ba zan bi ku ɗaya bayan ɗaya ba.

*

Hanyar Kebbe da damina ba ta da mutunci, wannan kowa ya sani. Ɗan kabu-kabun da ya ɗauko Malama Ruwaida daga Tambuwal ya yi ta sauke ta tana takawa da ƙafa duk inda laka ta fi ƙarfin babur, har gefen zanenta ya koma launin ƙasa. Amma ko a jikinta. Yau za ta ɗauki Zulfa su kwana a Tambuwal, gobe da sassafe su kama motar Sakkwato.

Ruwaida ce kaɗai a duk yankin nan take koyar da gogen Nasara, wanda 'yan boko ke kira bayolin. A Jos ta koya, a hannun gwaggonta da ta riƙe ta, ta dawo gida da shi cikin akwati mutane na yi mata kallon wadda ta kwaso wa kanta aiki. Gida-gida take bi. Kuma in kun ga ɗalibanta sai kun tausaya mata. Akwai Ziyad ɗan likita, shekararsa shida, ba a taɓa fara darasi ba sai ya ce fitsari yake ji. Akwai Malam Isah tsohon hedimasta, ya haura saba'in, hannu na rawa, kunne ya yi nauyi, amma kullum shi ke gaya mata ita ce ta yi kuskure. Akwai Hajiya Mu'minatu mai kemis, wadda ta fi son a ɗauke ta hoto da gogen a kan ta goga shi. Duk ta haƙura da su, don a cikin tarin nan Allah ya ba ta Zulfa.

Zulfa shekararta goma sha huɗu, jikar Alhaji Ɗangiwa na Kebbe ce, tun yaye take hannun kakanninta. Yarinya ce mai kunne, in ta ji sauti sau ɗaya ya zauna mata. Gobe wata mata daga wata makarantar kiɗa ta Abuja za ta sauka Sakkwato ta saurari yara, wanda ta zaɓa makarantar za ta ɗauke shi ta riƙe karatunsa duka, na boko da na kiɗan. Zuwa ɗaya za ta yi, kuma ta faɗa tun farko kowa ya zo da abin kiɗansa. Shi ya sa Ruwaida ta yi abin da ba ta taɓa yi wa kowa ba, ta bar wa Zulfa gogenta na kanta tun makon jiya don ta yi ta maimaitawa. Da gogen da bakansa ta bari, kuma bakan nan shi kaɗai ya rage mata a duniya. Na ƙaramin gogen yara tuni Ziyad ya karya shi wurin korar akuya.

A ƙofar gida ta tarar da Alhaji Ɗangiwa inda ta saba tarar da shi, gindin dalbejiya, yana taje wutsiyar ingarmansa. Dokin nan ya fi 'ya'yan wasu gata. Wutsiyarsa baƙa wul, har tana neman jan ƙasa, kuma duk Kebbe an san ba a taɓa ta. An ce wani baƙo ya taɓa tsinkar gashi ɗaya da wasa, Alhaji ya tashe shi daga kan tabarma bai ƙarasa shan furarsa ba. A wurinmu ai duk wanda ya yanki wutsiyar dokin wani ba da izini ba, asiri ake cewa zai yi.

Ruwaida ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa a taƙaice kamar kullum. Mutum ne da ba a gane cikinsa. Shi ya yarda a koya wa jikarsa goge lokacin da 'yan'uwansa suka yi masa ca, bai kuma ba kowa dalili ba. Abin da Ruwaida ta lura da shi kawai, duk ranar darasi sai ya jawo kujerarsa bayan katangar ɗakin matarsa ya ce igiya yake tufka.

Inna Batula, matar Alhaji, ta tare ta da fara'ar da ta fi ta kullum. Ga tabarma, ga fura da nono mai sanyi. Zulfa kuwa tana rakuɓe jikin turmi, ido ya kumbura, gaisuwar ma da ƙyar ta fito. Ruwaida ta ɗauka fargabar gobe ce, ta ɗan tsokane ta, ta ce a kawo goge su ji inda aka kwana.

Inna ce ta tashi da kanta ta ɗauko akwatin, ta ajiye mata a gaba da hannu biyu.

"Ga kayanki, Malama. Mu nan ba mu maida aro yadda munka amso shi. Nig ga itacen ya bushe, sai nig gyara maki shi."

Gaskiya ta faɗa, al'adarsu ce. In ka ara wa matar gidan shanu ƙwarya, a wanke za ta dawo maka da ita, an shafe ta da mai tana ƙyalli, wani lokaci har da ɗan curin man shanu a ciki. Ruwaida ta san haka sarai. Bai dai taɓa zuwa ranta ba cewa al'adar za ta hau kan gogenta.

Tana buɗe akwatin wari ya fara yi mata sallama. Man shanu. Gogen sai sheƙi yake kamar goshin jariri ranar suna. Ta ɗauko bakan ta taɓa gashin da ɗan yatsa, yatsan ya dawo da maiƙo.

Bari in yi wa waɗanda ba su sani ba bayani. Gashin da ke jikin bakan goge ana goga masa ƙaro ne don ya yi kaushi ya riƙa kama tsirkiya, kamawar nan ita ke fitar da sauti. Ko gumin hannu ba a so ya taɓa shi, balle mai. Abin da Ruwaida ke fara koya wa kowane ɗalibi ke nan, tun kafin ya san yadda ake riƙe gogen.

Ta ɗora gogen a kafaɗa ta ja bakan. Ya zame ya wuce, babu abin da ya fito sai ɗan huci.

Ta sake ja.

Haka dai.

Sai Zulfa ta fashe da kuka. Ta ce shekaranjiya ta dawo daga makaranta ta same shi haka. Ta roƙi Inna a kira Malama, Inna ta ce babu sabis. Jiya ta sake roƙo, aka ce wayar ba caji.

Ruwaida ta sauke gogen daga kafaɗa. Wa za ta yi wa faɗa? Tsohuwar da ta girmi uwarta, wadda a ganinta alheri ta yi mata? Wallahi babu takaicin da ya kai wanda dole ka ce na gode a kansa. Ta haɗiye abin da ke bakinta, ta ce a ɗora mata ruwan zafi.

Jikin gogen da tsirkiyoyin ba su ba ta wahala ba, tsumma ya ɗauke. Bakan ne. Ta sassauta gashin ta wanke da sabulu, ta ɗauraye, ta sake wankewa. Ta aika aka sayo sufirit a kemis ta bi shi a hankali da auduga. Ta shanya a kan igiya, rana kuma ta ga dama ta shige cikin hadari, sai ta koma fifita da faifai. Tana fifita tana waya. Ƙawarta ta Jos ta ce ko yanzu aka ba direba wani bakan, sai jibi zai iso. Wani da ke kiɗa a coci a Sakkwato ya ce nasu yana hannun wanda ya yi tafiya. Matar Abuja ba ta ma ɗauki wayar ba.

Da gashin ya sha iska ta ɗaure shi, ta goga ƙaro har hannunta ya gaji, ta yi bismilla ta ja. Wani ɗan kuka ya fito a shaƙe ya mutu a tsakiya. Ƙaron ma sai ya dunƙule ya zama danƙo a jikin gashin. Ta zauna daɓas a kan tabarma ta dafe kai.

Inna na gefe tana tsince wake a faranti. Ba ta ko ɗago ba ta ce,

"Ki bar wahal da kanki, Malama. Man da yak kwana cikin izga ba shi fita. Ko kin wanke, ƙaro ba shi kamawa. Sai dai a kwance a sake wata."

Ruwaida ta ce to, ta ci gaba da kallon ƙasa. Sai can maganar ta dawo mata.

Ita dai ba ta taɓa gaya wa Inna cewa izga ce, wato gashin wutsiyar doki, a jikin bakan ba. Tun da ta fara zuwa gidan nan Inna "zaren nan" take ce masa, ƙaron kuma "alewar Malama". Da an fara darasi take ɗaukar gyale ta shiga maƙwabta, wai ƙarar na sa mata ciwon kai. To yau daga ina aka san ƙaro ba ya kama mai, har aka san ana kwancewa a sake?

Ta jawo gogen ta sake dubawa, tana tuna yadda ta same shi. Kunnuwan da ake murɗawa a ɗaure tsirkiya, waɗanda in mai ya taɓa su za su yi ta zamewa, a bushe suke ƙayau. Cikin gogen ko ɗigo bai faɗa ba. Jikin itacen shafa ɗaya aka yi masa sama-sama. Bakan ne kaɗai aka zauna aka yi wa aiki, aka narka mai aka bi gashin daga kai har gindi, aka bar shi ya kwana. Wanda bai san goge ba ko'ina zai lafta. Wannan hannun ya san inda zai kashe sauti ba tare da ya lalata kayan mutane ba.

Ta ce da Zulfa ta je ta nemo ɗan kabu-kabun ta ce masa ya ƙara haƙurin jira. Yarinyar na fita ta roƙi Inna su shiga daga ciki. Inna ta shiga da farantin wakenta ta zauna bakin gado. Ruwaida ba ta zauna ba.

"Inna, wa ya gaya miki izga ce?"

"Ido gare ni, ɗiyata."

"Wa ya gaya miki ana kwancewa a sake?"

Inna ta ci gaba da tsince wake.

"Don Allah Inna kada ki mai da ni yarinya. Da gangan kika yi."

Na so ku ga fuskar tsohuwar nan. Fara'ar ɗazu duk ta sauka, tsufanta ya fito fili. Ta kifa tafin hannu a kan waken.

"Da gangan niy yi."

Ruwaida ta yi zaton za a musa mata, har ta shirya faɗa, sai ga shi an miƙa mata gaskiya ta rasa yadda za ta yi da ita. Ta tambaye ta don me. Me Zulfa ta yi mata?

"Wanga kiɗi da za ta yi gobe, kin san ko na wa na?"

Ruwaida ta ce ai waƙar reno ce. Zulfa ce ta zo da ita da ka, ta ce Inna ke yi mata tana ƙarama, ita kuma ta ji daɗinta ta gyara ta har ta zauna a kan gogen.

"Ba waƙar reno ta ba. Taken Na'iya mai goge na."

Ta kalli ƙofa, ta rage murya.

"Na'iya shi yah haife ni."

Daga nan maganar ta ɓalle mata. Na'iya makaɗin goge ne na wajen Dogon Daji, kasuwa-kasuwa yake bi, da wuraren da mutanen kirki ba sa so a gan su. Ita kaɗai ya haifa. Tun ba ta isa ɗaukar tulu ba take riƙe masa ƙaro, ita ke wanke izga ta taje ta jera masa in zai sake baka. Da ya rasu kawunta ya ɗauke ta ya kai ta Fakku, ya gaya wa mutane ubanta bafatake ne da ya mutu a hanya, ya kuma ja mata kunne cewa ranar da ta ambaci goge ranar ta rasa mijin aure. Bai yi ƙarya ba. Gidan su Alhaji gidan shanu ne da tutiya da asali, ba sa auren 'yar makaɗi ko da ita kaɗai ta rage. Haka aka kawo ta Kebbe a matsayin 'yar bafatake, ta haihu, ta aurar, ta ga jikoki, shekara arba'in da ɗoriya bakinta a rufe.

Wuri ɗaya ta yi sake. Lokacin da aka kawo mata Zulfa yaye, yarinyar ta ƙi ci ta ƙi barci, sai kuka. Inna ta yi duk waƙoƙin da ta sani ba su yi aiki ba, sai ta tsinci kanta tana yi mata taken ubanta da hanci, yarinya ta yi luf. Daga nan kullum sai da shi. Ina ta san 'yar yaye za ta riƙe?

"Ranad da nij ji shi ya fito cikin wanga goge naki ina tankaɗe, sai da rariya tas suɓuce mani. Nic ce ma raina cikin gida na, ba komi. Sai makon jiya kinka ce za a ɗauka a sa rediyo, a sa cikin waya."

Ruwaida ta ce to sai me, kiɗa ne kawai, wa zai gane?

"Ke yarinya ta. Tun daga Dogon Daji hal Fakku, duk tsohon da yaj ji shi ya san shi. Babu wanda yat taɓa yin shi in ba Na'iya ba, bai aje yaro ba, bai koya ma kowa ba. Za a ce ina jikar Ɗangiwa tas samo shi? Kwana biyu an tono ni. Ɗiyana mata suna ɗakunansu, surukkai na jiran abin faɗi. Shi kau Alhaji..."



Ni dai a nan na rasa bayan wa zan bi, ku ma na san za ku rabu gida biyu. Amma Ruwaida a lokacin ba tausayi ne a gabanta ba, zuciyarta tafasa take. Ta tambayi Inna me ya hana ta faɗa tun watannin baya, da ta canza wa yarinyar wani kiɗan tun da sauran lokaci. Inna ta ce ta faɗa ta ce me? In ta ce a bar shi sai an tambaye ta dalili, Malama ta tambaya, Zulfa ta tambaya.

"Sai kika zaɓi shiru," in ji Ruwaida. "Kika bar ta tana tashi tun asuba tana goga abin nan har yatsunta suka yi kanta. Kika bar ni ina cin lakar hanyar nan duk mako. Sannan ana gobe kika kashe bakan. Inna, yarinyar nan ba ta da wata ranar. Matar nan ba za ta dawo dominmu ba."

Ta san ta wuce iyakar yadda ake yi wa babba magana, kuma ba ta ji za ta janye ko kalma ɗaya ba.

Inna ta share ido da gefen zane. Ta ce ita ba so take Zulfa ta rasa ba, taken kawai take so a rasa. In za a samo izga, ta ingarma ba ta goɗiya ba don fitsari na ɓata ta goɗiya, ita za ta wanke ta taje ta jera, Malama ta buɗe bakan su ɗaura tare, kafin magariba an gama. Hannunta bai mance ba. Sharaɗinta ɗaya ne, gobe Zulfa ta yi wani kiɗan daban.

Ruwaida ta yi dariyar takaici. Wane kiɗan? Sauran abin da Zulfa ta iya kowane ɗalibi ya iya, yaran da za su zo daga manyan makarantu ma sun fi ta iya su. Wannan taken ne kaɗai in ta ɗora baka mutum ke ajiye abin da ke hannunsa ya saurara. In za a ɗauke ta, dominsa za a ɗauke ta. Sannan ita izgar a ina? Ingarma mai doguwar wutsiya ɗaya ne a kusa, yana ƙofar gidan nan, kuma duk sun san halin mai shi.

Inna ta ce in ya tafi sallar la'asar za ta iya lallaɓawa da wuƙa. Ruwaida ta ce ita ba za a yi wannan da ita ba, a wayi gari a ce malamar goge ta zo yi wa Alhaji asiri. Daga ranar babu gidan da zai sake buɗe mata ƙofa, daga Kebbe har Tambuwal.

Inna ta koma tsince wakenta.

Sai labule ya motsa. Zulfa ce. Ashe ta daɗe da dawowa daga aiken, a bakin ƙofa take tsaye, ta ji komai.

Ba ta yi kuka ba wannan karon, shi ma ya fi tayar wa Ruwaida hankali. Ta shigo da akwatin gogen a hannu, ta durƙusa, ta saka bakan a mazauninsa, ta rufe, ta tura gaban malamarta.

"Malama, ki yi haƙuri da wahalad da nib ba ki. Na fasa."

Ruwaida ta ce ba ta isa ba, ba ita kaɗai ta sha wahalar nan ba da za ta ce ta fasa. Za a san yadda za a yi.

"Babu yadda za a yi. In niy yi taken, an ci mutuncin Inna. In ban yi shi ba, ba a ɗauka ta. Gara in zamna."

Inna ta kamo hannunta tana cewa ba haka take nufi ba, ba haka ta so ba. Zulfa ba ta ƙwace ba, ba ta kuma kalle ta ba.

Ruwaida ta tsaya tana duban akwatin. Fitsarin Ziyad, gardamar Malam Isah, hotunan Hajiya Mu'minatu, lakar hanya, duk ta jure su ne don ranar gobe. Ga yarinya mai kunne, ga goge lafiya lau, ga wadda ta iya ɗaura izga zaune a gabanta, ga doki a ƙofar gida, amma babu abin da ya haɗu da wani. Ta ji kamar ta zauna a ƙasa ta yi kuka irin na yara. Ta sunkuya ta ɗauki akwatin, don babu abin da ya rage ta yi.

Aka yi gyaran murya da sallama a bakin ƙofa.

Alhaji Ɗangiwa ne. Mutumin da ba ya tako tsakar gida in akwai baƙuwa, yau har cikin ɗaki, bai ko jira an amsa sallamar ba. Sai a lokacin Ruwaida ta tuna da kujerar nan ta bayan katanga.

Wuƙa ce a hannunsa na dama. A na hagu kuma damƙin gashi ne baƙi wul, dogo, an ɗaure kansa da zare. Duk Kebbe wutsiya ɗaya ce mai irin wannan gashin.

Bai kalli Ruwaida ba, bai kalli Zulfa ba. Ya sunkuya ya ajiye izgar a kan tabarma, daidai ƙafafun matarsa.

"Rana na tafiya, Batula. In za ki ɗaura ki ɗaura."

Inna ta kalli izgar, ta kalli mijinta.

"Alhaji, ni mi nis sani ga..."

"Baƙa ta, ki yi haƙuri da ita," ya katse ta, muryarsa a kwance. "Na daɗe da sanin Na'iya farar izga yaka so."

Farantin ya suɓuce daga cinyar Inna, wake ya watse ko'ina a ɗakin.